Masu cewa a ba ɗan kasuwa mulki, ga yadda ta kaya da wani a ƙasar Finlan

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya jama'a, ya fama da mu masu karatu, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da ta cika gari yanzu da siyasa ta fara kaɗawa, wato maganar nan ta "a ba ɗan kasuwa kawai". Ko ina ka zauna ita ce, teburin mai shayi, bakin tasha, rumfar masu awon riɗi ranar Alhamis a Maigatari, har guruf ɗin WhatsApp na 'yan garinmu. Hujjar dai guda biyu ce kullum, wai mai kuɗi ya riga ya ƙoshi ba zai taɓa na gwamnati ba, sannan wai wanda ya iya riƙe kamfani ya iya riƙe jiha. Ni dai ban ƙi maganar gaba ɗaya ba amma kuma ban haɗiye ta ba, shi yasa nake so in kawo labarin wani mutum daga can nesa, inda babu wanda zai ce ai don ɗan jam'iyyarmu ne ko ɗan jam'iyyarsu ne, don wallahi a nan da ka ambaci sunan wani shikenan an bar magana an koma zage zage.

Mu dai ɗan kasuwa a gwamnati ba baƙon abu ba ne gare mu. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya yi kwamishina a tsohuwar jihar Kano zamanin Audu Baƙo, mu nan Jigawa kuma mun yi gwamna ɗan kasuwa, Alhaji Badaru Abubakar, wanda har aka yi masa laƙabi da mai kalkuleta. Ba zan yi alƙalanci kan namu ba, kowa ya ga abin da ya gani. Abin da ya ja hankalina shi ne ranar 29 ga Mayun 2015 da aka rantsar da Badaru a Dutse, Buhari a Abuja, a wannan ranar ce dai wani ɗan kasuwa mai suna Juha Sipila ya zama firaministan Finlan, ƙasar su Nokia, can arewacin Turai tsakanin Suwidin da Rasha, mutanenta gaba ɗaya wajen miliyan 5 da rabi ne.

Shi wannan Sipila ba ɗan birni ba ne kuma ba gadon kuɗi ya yi ba. An haife shi a 1961 a wani ƙaramin gari Veteli, ya tashi a Puolanka, ƙauyen ƙayau ne a cikin daji, ya yi karatun injiniya a jami'ar Oulu ya gama a 1986. Ya fara da aikin albashi kamar kowa a wani ƙaramin kamfanin kayan lantarki, daga nan ya koma kamfanin Solitra, masu ƙera wasu 'yan na'urori da ke tace siginar waya, irin waɗanda ake sakawa a kayan ƙarfen sabis. Lokacin ne kuwa wayar hannu ta fara bunƙasa, Nokia na tashe, yankin Oulu ya zama matattarar injiniyoyi. Ya zama shugaban kamfanin, ya zo ya mallake shi, a 1996 ya sayar wa wani kamfanin Amurka mai suna ADC, daga nan ya zama miloniya yana ɗan shekara 35. Ya kafa nasa kamfanin na zuba jari, Fortel Invest, ya kuma shugabanci wani kamfanin mai suna Elektrobit daga 2002 zuwa 2005. Toh ka ga wannan ɗan kasuwa ne na gaske mai ƙera kaya ya sayar, ba irin waɗanda kasuwancinsu duka takardar kwangila ce a aljihu ba, wanda ni a ganina ya kamata mu fara rarrabewa tun daga nan, don da yawa daga waɗanda muke kira 'yan kasuwa in gwamnati ta rufe lalitarta wata shida za ka ga shagon ma babu shi.

Kuma mutum ne mai son taɓa ƙarfe da hannunsa. Shi ke tuƙa jirgin sama da kansa, har yana firaminista ma ya sha tuƙa kansa zuwa taro. Yana da wata tsohuwar motar Amurka a kori kura da ya juya ta ta koma amfani da itace, wato akwai wata tukunyar ƙarfe a bayanta ana zuba guntayen icce, a ƙona su ba tare da iska mai yawa ba, sai hayaƙin ya zama gas a tace shi ya shiga inji. Da irin wannan dabarar aka ba wata 'yar unguwa wuta da ɗumi a garinsu Kempele ba tare da an jona ta da babban layi ba. Su dai daji ne da su, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar itatuwa ne, mu nan da hamada ke bin mu in muka ce mota ta ci icce ai ko darbejiyar bakin masallaci ba za ta sha ba, sai dai ko ɓuntun shinkafar nan da ake tarawa tsibi tsibi a Haɗeja da Auyo, amma wannan wata maganar ce daban.

Siyasa kuwa da girmansa ya shige ta. Sai a 2011 yana dab da cika shekara 50 ya fara tsayawa takarar majalisar ƙasa ya ci, a jam'iyyar da suke kira Keskusta, wato ta tsakiya, wadda asalinta jam'iyyar manoma ce da mutanen karkara. A wancan zaɓen jam'iyyar ta sha kaye sosai, sai suka ce bari su nemo sabon jini wanda bai da tabon siyasa, 2012 suka ba shi shugabancin jam'iyya, 2015 suka zo na ɗaya da kujera 49 cikin 200. Shekara huɗu kacal daga sabon ɗan majalisa zuwa firaminista. Abin da ya sa mutane suka bi shi kuwa daidai yake da abin da ake faɗa a majalisarmu ta dare, ƙasa ta shiga matsi, 'yan siyasa sun cika surutu, a kawo mai lissafi. Kuma da gaske matsin ne, don Nokia ta sayar wa Microsoft ɓangaren wayoyinta an gama cinikin a 2014, dubban injiniyoyi sun rasa aiki, masana'antun takarda na ta rufewa saboda duniya ta koma karatu a waya, ga takunkumin da aka sa wa Rasha a 2014 ya taɓa cinikinsu, tattalin arziki ya yi shekara uku yana ja da baya, sannan kuɗinsu yuro ne ba su da ikon karya darajarsa su kaɗai yanda suke yi a da.

Gaskiya a ba shi haƙƙinsa, ya zo da tsari. Ya rage ministoci zuwa 14, ya taƙaita shirin gwamnati, ya sa ma'auni wanda kowa zai iya dubawa, ya ce kafin wa'adinsa ya ƙare yana so kashi 72 cikin 100 na masu shekarun aiki su kasance suna da aiki, lokacin suna wajen kashi 68, kuma zuwa ƙarshen 2018 an kai. Masana na ta musu har yau kan nawa ne ƙoƙarinsa nawa ne kuma sa'ar da ya taka ta farfaɗowar kasuwar duniya, amma dai ya faɗi lamba a gaban jama'a, kuma ba shi ne ke ƙirga ta ba, hukumar ƙididdiga ce. Wannan kam ina so mu ara. Ɗan takara ya daina ce mana zai "inganta noma", ya ce buhun taki nawa, a nawa, a wane wata zai iso, don takin da ya zo bayan gero ya fitar da kai ba taki ba ne. Gwamnatinsa ce kuma ta yi gwajin nan da ya yi suna a duniya a 2017 da 2018, aka zaɓi marasa aiki 2,000 ana ba kowa yuro 560 duk wata ba sharaɗi, ko ka samu aiki ba za a yanke ba, don a ga ko zai sa su fi neman aiki. Da sakamako ya fito bambancin samun aikin kaɗan ne, sai dai sun fi kwanciyar hankali, kuma aka buga sakamakon yanda yake ba a yi masa kwalliya ba.

Inda aka fara jin jiki shi ne wajen ma'aikata. Lissafinsa shi ne kayan Finlan sun yi tsada a kasuwar duniya saboda kuɗin ƙwadago, dole a rage. Ya zauna da ƙungiyoyin ƙwadago ba a daidaita ba, sai ya yi irin ta shugaban kamfani, a watan Satumban 2015 gwamnati ta ce toh za ta yi doka kawai, a rage kuɗin aikin Lahadi da na ƙarin lokaci, ranar farko ta rashin lafiya ba biya, a rage hutun ma'aikatan gwamnati. Ranar 18 ga watan ƙasa ta tsaya cak, jiragen ƙasa da bas bas da tashoshin ruwa, mutum wajen 30,000 suka cika dandalin tashar jirgin ƙasa ta Helsinki. Dole aka janye aka koma teburi, sai a 2016 aka sa hannu kan yarjejeniya, aka ƙara wa ma'aikaci awa 24 a shekara ba ƙarin albashi, aka yanke kashi 30 na kuɗin hutun ma'aikatan gwamnati na shekara uku. Su waye ma'aikatan gwamnatin nan? mafi yawa mata ne, nas nas da malaman makaranta da masu kula da tsofaffi, masu ƙaramin albashi. A takarda lissafin ya fita daidai, amma ita nas ɗin da aka taɓa wa kuɗin hutu tana da ƙuri'a kuma ba ta manta ba. Haka ɗalibai, don kafin zaɓe an ɗauke shi hoto riƙe da allon alƙawarin ba za a taɓa kuɗin ilimi ba, da aka hau aka taɓa, hoton nan ya yi ta yawo har ya sauka. Ga kuma dokar 2018 da ta ce marar aikin da bai nuna ya ɗan yi wani aiki ko horo ba za a zabge masa kashi 4.65 na alawus ɗinsa, mutanen ƙauye suka ce aikin ma ina yake a nan, sama da mutum 140,000 suka sa hannu a soke ta, gwamnatin da ta biyo baya ta soke.

Ni yanda na fahimci abin, mai shago in yaronsa bai yi masa ba sai ya sallame shi ya ɗauki wani, in kaya ba sa tafiya ya daina sarowa, amma babban wa da aka bar wa gandu ba shi da ikon korar ƙannensa daga gonar ubansu ko da kuwa shi ya fi kowa iya noma, dole ya lallaɓa, ya ji ta bakin wanda ma bai iya riƙe fartanya ba. Sipila ya zo da hannun mai shago ya tarar da gandu. Ko ministocin nan 14 da aka yi ta yabo, a 2017 sai da aka mayar da su 17 saboda aiki ya yi wa wasu yawa, mutum ɗaya riƙe da ma'aikatu biyu. Kuma gwamnatin tasa ta haɗaka ce, jam'iyyu uku, kowacce da abin da ta yi wa mutanenta alƙawari. A watan Yunin 2017 ɗaya daga cikinsu ta zaɓi sabon shugaba mai tsananin ƙin baƙi, Jussi Halla-aho, Sipila ya ce ba zai iya aiki da shi ba, ya kama hanyar Naantali inda shugaban ƙasa Sauli Niinisto ke hutun bazara zai miƙa takardar murabus, yana hanya aka ce masa 'yan majalisa wajen 20 sun ɓalle daga waccan jam'iyyar za su ci gaba da mara masa baya, sai ya juya. Irin wannan wasan kam ko 'yan siyasar Kano sai haka.

Yanzu ga inda nake so masu cewa "ya ƙoshi ba zai ci ba" su buɗe kunne. Akwai wata mahaƙar ƙarfen nikel a yankin Kainuu da ta durƙushe gwamnati ta karɓe ta ƙarƙashin kamfanin Terrafame. A watan Nuwamban 2016 gwamnatin Sipila ta amince a ƙara mata yuro miliyan 100. Ba a jima ba gidan rediyo da talabijin na ƙasa, Yle, ya ba da labarin cewa wani kamfanin ƙarfe Katera Steel ya samu odar aiki ta wajen yuro dubu 500 daga mahaƙar, kuma kamfanin na kawunnan firaminista ne da 'ya'yansu, 'ya'yansa na cikinsa ma suna da ɗan kaso ta hannun Fortel. Ba wanda ya ce ya saci ko sisi. Tambayar kawai ita ce ya dace ya zauna a teburin da aka yanke shawarar kuɗin alhali danginsa na cin abinci a wurin? Jami'in majalisa mai bin ƙorafin jama'a ya bincika, a farkon 2017 ya ce babu laifi a kansa ta wannan fuskar. Toh ka ga an wanke shi. Amma abin da ya ɓata masa suna ba kwangilar ba ce, fushin da ya yi ne, ya zauna ya yi ta aika wa 'yar jaridar da editan gidan saƙon imel ɗaya bayan ɗaya kusan 20, yana cewa ba a ba shi isasshen lokacin mayar da martani ba, har da cewa gidan ba shi da sauran ƙima a idonsa. Sai gidan ya ja baya da labarin, 'yan jarida biyu suka ajiye aiki suka ce an hana su aikinsu, majalisar kula da ɗa'ar aikin jarida ta ƙasar ta ce Yle ta miƙa wuya ga matsin lamba, babban editan ya bar kujera a 2017, kuma Finlan da ta yi shekaru tana ta ɗaya a jadawalin 'yancin jarida na duniya ta sauko ta uku a shekarar.

Malam Edita ka dubi wannan da kyau, kai da kake cikin sana'ar. Bai kulle kowa ba, bai tura 'yan sanda ko 'yan daba ba, imel kawai ya tura, amma ƙasa ta ɗauka. Kuma ni ban ɗauke shi mugu ba, na ɗauke shi mutumin da ya yi shekara da shekaru yana shugaban kamfani inda ba wanda ke tsayar da shi a bakin ƙofa ya ce yallaɓai ina bayanin kaza, ranar da aka yi masa sai ya ji kamar an ci mutuncinsa. Sannan shi ɗan kasuwa ko da shi ya ƙoshi ai ba shi kaɗai ba ne, yana da 'yan uwa, surukai, abokan hannun jari, yaran gida, waɗanda ya ci bashinsu da waɗanda suka ci nasa, duk yana shiga ofis da su a bayansa, kuma harkokinsu na nan a ko ina gwamnati za ta sa kuɗi. Malamin makaranta in ya hau mulki danginsa sai sun fara koyon kwangila, shi kuwa nasa sun riga sun iya, da kamfanoninsu masu rajista. A can abin da ya sa aka gano shi ne takardu a buɗe suke, har ma duk farkon Nuwamba hukumar haraji na fitar da abin da kowa ya samu da harajin da ya biya a shekarar da ta wuce, jaridu su yi ta bugawa. Mu nan ana cike fom ɗin bayyana kadara a kai wa hukumar ɗa'ar ma'aikata, amma ni da kai ba ma gani, in ban da irin marigayi 'Yar'aduwa da ya fito da nasa fili a 2007 don raɗin kansa. Dokar 'yancin samun bayanai ma muna da ita tun 2011, sai dai mu tambayi kanmu sau nawa aka yi amfani da ita kan kwangilar rijiyar burtsatse a ƙaramar hukuma.

Kar a ce na zo da ɓatanci kawai, akwai abin da ya yi da ya taɓa min zuciya. A 2015 masu neman mafaka sama da 30,000 suka shiga Finlan, akasarinsu 'yan Iraƙi, ƙasa ta ɗauki zafi, wasu na cewa a rufe iyaka, ga jam'iyyar da ba ta son baƙi a cikin gwamnatinsa, sai ya fito a watan Satumba ya ce gidansa na Kempele da ba ya zama ciki ya bayar a saukar da 'yan gudun hijira. A shekarar ne kuma ya yi rashin ƙaramin ɗansa ana dab da zaɓe. Daga baya ba a saukar da kowa a gidan ba, aka ce saboda tsaro, gidan ya riga ya yi suna da yawa, 'yan adawa suka samu abin gori. Ni dai ina ganin wanda ya faɗi haka a irin wannan lokacin ya san zai rasa ƙuri'a ne ba samu ba.

Abin da ya kayar da shi a ƙarshe shi ne asibiti. A Finlan a lokacin ƙananan hukumomi ne ke riƙe da kiwon lafiya da kula da tsofaffi, su wajen 300, wasu mutanensu ba su kai 2,000 ba, matasa sun tafi birni an bar tsofaffi, kuɗin shiga babu, likita ba ya son zuwa. Gwamnatoci da dama sun gwada gyarawa sun kasa. Wannan ciwon mun san shi. Asibitin garinmu ɗaki uku ne, malamin asibiti ɗaya da ungozoma ɗaya, firjin allurar rigakafi na aiki da sola amma fitilar ɗakin haihuwa tocilar waya ce, in haihuwa ta zo da gardama cikin dare sai a nemo mai mota ko a shimfiɗa katifa a amalanke zuwa bakin titi, in ka tambayi wa ke da alhakin gyara rufin da ke yoyo wannan ya ce na ƙaramar hukuma ne wancan ya ce na jiha ne. Don magance irin haka ne ma Jigawa ta kawo tsarin Gunduma a 2007, aka haɗa ƙananan asibitoci da manya ƙarƙashin gundumomi 9, kafin daga baya a sake fasali. Shi ma Sipila abin da ya so kenan, a ɗauke nauyin daga ƙananan hukumomi a ba manyan yankuna 18. Amma abokan haɗakarsa na jam'iyyar 'yan birni da masu jari suka ce sai dai in za a buɗe wa asibitocin kuɗi ƙofa, majinyaci ya zaɓi inda zai je gwamnati ta biya. Tun Nuwamban 2015 ya yi barazanar rushe gwamnati kan maganar, aka yi ciniki, kowa ya samu nasa, ni in ba ka yankuna kai ka ba ni kasuwa. A cinikin kamfani wannan ya wadatar, an sa hannu an tashi. A nan kuwa akwai kwamitin majalisa mai duba ko doka ta dace da tsarin mulki, ya yi ta dawo da ita yana cewa ba ta tabbatar da cewa talaka na ƙauye zai samu kulawa daidai da na birni ba, a gyara a kawo a sake mayarwa, har lokaci ya ƙure.

Ranar 8 ga Maris 2019 ya je wajen shugaban ƙasa ya miƙa murabus ɗin gwamnatinsa gaba ɗaya, don dama takensa tun farko shi ne ko a kawo sakamako ko a fita. Na ga wasu namu na yaɗa irin wannan labarin a Facebook suna cewa kun ga Turawa, ni ma na yaba amma a faɗi duka, saura sati biyar zaɓe ya yi murabus ɗin, kuma ya ci gaba da riƙon ƙwarya har watan Yuni, shi yasa 'yan ƙasar da yawa suka ce dabarar kamfe ce. Ko ma mene ne bai cece shi ba, a zaɓen 14 ga Afrilu jam'iyyarsa ta faɗo daga kujera 49 zuwa 31, kaye mafi muni da ta sha cikin kusan shekara 100, kuma a yankunan karkara da suka ɗora shi ne aka fi juya masa baya. Ya sauka daga shugabancin jam'iyya, ya zauna a majalisa a matsayin ɗan majalisa kawai har 2023 ya bar ta. Gyaran asibitin kuwa gwamnatin Sanna Marin ce ta samu ya wuce a 2021, matar da ta hau tana da shekara 34 kuma ba ta taɓa riƙe wani babban kamfani ba, aka yi yankuna 21 aka rage maganar asibitocin kuɗi, ya fara aiki a farkon 2023, kuma su ma yankunan yanzu suna ta kukan gibin kuɗi ana rufe ƙananan asibitoci a ƙauyuka.

Roƙona gare ka Malam Edita, tunda 'yan takara sun fara zarya gidajen jaridu da rediyo, duk wanda ya zo da taken shi ɗan kasuwa ne, a taimaka wakilanku su tambaye shi me yake sayarwa kuma wa ke saye, gwamnati ce babbar kwastomarsa ko jama'a, ma'aikata nawa yake biya albashi kuma yana biya kan lokaci, kamfanonin da ke hannun ƙannensa da 'ya'yansa da surukansa su wane ne kuma za su nemi aikin jiha ko ba za su nema ba, zai yarda ya buga fom ɗin kadararsa a jaridarku kafin zaɓe, wa zai riƙe masa kasuwancin in ya hau. In ya amsa ku buga, in ya fusata ya kashe waya ko ya kira mai gidan jaridar shi ma ku buga mana hakan. Kuma don Allah in za a yi hirar a yi ta da Hausa a sa a rediyo ko a yanka ta gajeru a WhatsApp, don mutanenmu na nan yawanci ta nan suke ji.

Na gode da wannan fili, Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta kuma manomin riɗi,
daga wani ƙauye a masarautar Gumel, jihar Jigawa.